Sabon Gem Ɗin Abban Ɗigo

Shafi na 19

Masu yi min ruwan faɗa a akwatin saƙo saboda shirun da na yi, na ji. Wayata ce ta faɗa bokiti. Ke kuma da kika ce in na kashe Abban Ɗigo kin daina karantawa, kwantar da hankalinki, yana nan da ransa. Sai dai bayan shafin yau wataƙila ke da kanki za ki roƙe ni in kashe shi.

Ga sababbin shigowa: Abban Ɗigo mai walda ne, yana aikin gina gada can uwa duniya, ya fi shekara bai leƙo gida ba. Abin da ya riƙe shi da gida ƙaramin gem ne na hannu, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin 'yarsa Ɗigo. Kullum da yamma sai su haɗu a ciki, su yi noma a gonarsu ta wasa, suna rubuta wa juna saƙo. To yau ya dawo, da kwali a hammata.

*

Ko takalmi bai gama cirewa ba ya durƙusa gaban talabijin yana yage ledar kwalin.

"Ɗigo! Fito ki ga abu!"

Maman Ɗigo ta ajiye masa ruwa a hannun kujera. Bai kalli kofin ba, balle wadda ta kawo shi.

"Ba ka shiga ka gaida Baba ba," ta ce.

"Na leƙa, barci yake. Miƙo min wayar can, baƙar."

Ta miƙa masa.

Sabon gem ɗin ya ninka tsohon a faɗin allo. Hannayensa biyu zarewa ake yi, in aka dasa shi a mazauninsa sai hoton ya koma talabijin. Abban Ɗigo yana jona wayoyi yana ɗaga murya don Ɗigo ta ji daga ɗaki, yana bayani kamar shi ya ƙera shi.

"Tsohon nan ya gama yayi. Wannan mutum huɗu za su buga lokaci guda, kowa da hannunsa. Gida guda a zauna a yi wasa. Har mamanki, in tana so."

"In tana so," Maman Ɗigo ta maimaita a hankali, ta koma ta jingina da ƙofar kicin.

Ɗigo ta fito daga ɗaki, waya a hannu. Shekararta sha shida, ta yi tsawon da sai da ya ɗaga kai ya sake kallonta.

"Abba, sannu da zuwa."

"Kai! Wannan ce Ɗigon tawa? Zo nan, abokiyar noma. Zauna."

Ta zauna a bakin kujera, ta saci kallon uwarta. Uwar ta kau da kai.

Talabijin ya kawo haske. Ga gonar nan fes: gida mai shuɗin rufi, rijiya, kunyoyin tumatir, garken akuya, kogi yana wucewa ta baya.

"Kin gani? Mai shagon ya kwaso min komai daga tsohon, ko kaza ɗaya ba ta ɓata ba." Ya danƙa mata hannun gem ɗaya. "Maza ɗauko kwale-kwale. Yau a gabana za ki nuna min yadda kike kamo ƙaton kifin nan da ni ya gagare ni."

Ɗigo ta danna. 'Yar mutuniyarta ta cikin gem ta yi gaba, ta doki shinge. Ta dawo, ta sake dokan shingen.

Ya yi dariya.

"Sabon hannu ne, za ki saba. Bi ta ƙofa mana."

Ta juya, ta faɗa cikin tumatir, ta bi ta kai tana tattakewa.

"Ke, ke, ke! Shukarki ce fa!"

"Yi haƙuri, Abba. Ina... ina kwale-kwalen yake?"

"Wasa kike? Ke kike ɗaure shi kullum."

"Na manta ne."

Dariyar fuskarsa ta ragu. Ya kalle ta, ya kalli talabijin.

"To me sunan akuyarki?"

Ɗigo ta shiga danna duk maɓallin da ta samu. 'Yar mutuniyar ta zaro gatari, ta tsaya gaban wata bishiyar lemo da ke bayan rijiya, ta ɗaga.

"Kada ki sare lemon nan!"

Daga ƙofar kicin muryar ta fito, da ƙarfin da ya sa har mai ita ta firgita.

"Watanni na yi ina ba shi ruwa kafin ya..."

Ta kama bakinta. Amma maganar ta riga ta fita.

Ɗan siririn kiɗan gem ɗin ya ci gaba da tashi cikin nishaɗinsa.

Abban Ɗigo ya juya a hankali.

"Me kika ce?"

Ta sauke hannu daga bakinta.

"Ke nake tambaya. Wa ya ba lemo ruwa?"

"Ni."

"Sunan akuyar?"

"Rigima. Kai ka raɗa mata, saboda ta cinye maka kabeji. Kwale-kwalen yana ƙarƙashin gada, ta hagu."

Ya miƙe tsaye. Ya dubi 'yarsa.

"Ɗigo, mene ne wannan?"

Ɗigo ta ajiye hannun gem ɗin a kan tebur kamar ya ƙone ta.

"Abba, ni 'yan kwanaki kawai na buga bayan tafiyarka."

"'Yan kwanaki?"

"Na gaji ne. Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta na kira ka, ka ce kana sauri, in shigo gem da yamma mu yi magana. Ni ba tumatirin ƙarya nake so in shuka ba, muryarka nake so in ji."

"Amma in na tambaye ki a waya kina cewa..."

"Mama ce ta ce in dinga cewa e."

Ya juya wurin matarsa, idonsa ya kaɗa.

"Shekara guda. Shekara guda kina mayar da ni mahaukaci."

"Zauna, Abban Ɗigo."

"Ba zan zauna ba!"

"To tsaya." Ta saki ƙofar kicin, ta tako tsakiyar falo. "A kan firij yarinyar nan ta yar da shi. Kullum da yamma sai ya yi ƙara. Ɗigo kina nan? Ɗigo fushi kike? Ɗigo na samo miki irin kankana. Ina wanke-wanke ina ji. Rannan na ce bari in amsa masa sau ɗaya, kada bawan Allah ya bushe da jira a inda ba shi da kowa."

"Sau ɗaya!"

"Sau ɗaya na yi niyya. Sai ka rubuto cewa ogan wurin aikinku in yana tafiya kamar an cika buhu da ruwa an ba shi ƙafa. Na yi dariya ni kaɗai a kicin har tukunya ta kama. Na tsaya ina tunani, rabon da mutumin nan ya ba ni dariya tun yaushe? Ban tuna ba. Washegari na sake amsawa."

"Yaudara ce wannan. Ko me za ki kira ta, yaudara ce."

"Yaudara ce. Ban ce ba ita ba ce. Amma kai in ka kira wayata me kake cewa? Kowa lafiya? To ba ni Ɗigo. Shi ke nan. Ko mai kawo mana gas ya fi ka doguwar gaisuwa."

"Ke kuma me kike cewa?" Ya nuna ta da yatsa. "Famfo ya fashe. Maganin Baba ya ƙare. Rufi yana yoyo. Kin san yadda nake kwana a can? Ɗakin kwano, maza a jibge kamar kaya, in wuni wutar walda na cin idona, in dawo ba mai ce min sannu. Ko sau ɗaya kin taɓa tambayata idona?"

"Na tambaya."

"Ƙarya kike!"

"Wa ya dame ka sai ka je an duba idon? Wa ya ce ba za a ƙara shuka komai a gonar nan ba sai ka canja gilashin walda? Ɗigo ce?"



"Ni ce," ta ce. "Sai da na ari sunan 'yata kafin ka ji maganata."

Ɗigo ta ɗago, idonta ya ciko.

"Mama, kin ce gaisuwa kawai kike amsawa."

"Ke yi min shiru."

"Ba zan yi ba! Da sunana kike hira da shi kullum, ni ban san me na ce ba, ban san me aka ce min ba. Me ya rubuta?"

"Ba na kunnenki ba ne."

"Ai ni aka rubuta wa!"

Maman Ɗigo ta kalli mijinta. Ya sunkuyar da kai, sai ta gane ya tuna.

"Kana so in faɗa mata, ko ka fi so ta ji daga bakinka?"

"Maman Ɗigo, bar maganar nan."

"Yau kuma na zama Maman Ɗigo? A can ai mamanki nake. Mamanki ta zama nas, ba ta da zance sai magani. Mamanki fuskarta kullum kamar an aiko mata da rasuwa. Kada ki yi gadon halin mamanki."

"Gajiya ce ta sa ni..."

"Na rubuta maka, Abba ai tana ƙoƙari. Ka ce, ke yarinya ce, ba ki san komai ba." Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da hannun nan na rubuta. Hannun da na gama wanke mahaifinka da shi, na juya shi, na canja masa shimfiɗa. Ko bushewa bai yi ba na ɗauki gem ina roƙon mijina ya ga ƙoƙarina, da bakin 'yata."

Ɗigo ta rufe fuska da tafin hannu.

"Duk wannan na shanye," uwar ta ci gaba. "Na ce mutum ne a wahala, bari ya zubar da abin da ke cikinsa. Har ranar da ka rubuta, gidan nan in ba don ke ba, ba abin da zan dawo yi."

Abban Ɗigo ya share zufa da bayan hannu. Kunya ta gama cin sa, sai ta juye ta zama fushi.

"To madalla! Tunda ke ce, kin san komai ke nan. Ba sai na ɓata bakina ba. Maganar tafiya ma kin sani, kuma da hannunki kika rubuta min to. Har da Allah ya kai mu. Yanzu kuma kin tsaya kina yi min kukan marainiya?"

Ta ɗaure gira.

"Wace tafiya?"

"Kada ki raina min hankali. Satin da ya wuce muka gama magana."

"Satin da ya wuce?" Ta girgiza kai. "Ni rabona da gem ɗin nan tun kafin Ɗigo ta fara jarrabawa. Ranar da ka rubuta waccan maganar na kashe shi, na naɗe shi da wayar cajinsa, na jefa a durowar magunguna. Ban sake taɓa shi ba."

"To wa..."

Ya kalli Ɗigo. Ta girgiza kai da sauri.

"Wallahi ba ni ba ce, Abba."

"Wace durowa?" ya tambaya, muryarsa ta sauka.

"Ta ɗakin Baba."

Sai yanzu abubuwa suka dawo wa Abban Ɗigo. A 'yan watannin nan abokiyar nomansa ta canja. Ta daina kamun kifi, ta daina gudu. Tafiya take a karkace, tana bin gefen shinge a hankali, ba abin da take yi sai ban ruwa. In ya rubuta dogon zance, sai ya daɗe yana jira kafin amsa ta zo, ita ma kalma ɗaya ko biyu. To. Madalla. Sannu da aiki. Shi kuwa ya ɗauka gajiyar karatu ce.

Daga lungun ɗakuna suka ji ƙarar sanda a kan siminti. Ƙwas. Sai jan ƙafa. Ƙwas. Sai jan ƙafa.

Tsoho ne, mahaifin Abban Ɗigo. Tsohon shugaban makaranta, wanda ciwo ya shanye wa ɓarin hagu, ya karkatar masa da baki. Rabon da ya tako falo da ƙafarsa har an manta. Ga shi yau a bakin ƙofa, yana haki, rigarsa ta zame daga kafaɗa ɗaya. A aljihun gaban rigar, kan tsohon gem ɗin ya leƙo.

"Kaka!" Ɗigo ta ruga ta tallafe shi.

Maman Ɗigo ta jawo kujera, su biyu suka zaunar da shi. Ɗansa yana tsaye, ko motsi bai yi ba.

"Baba... ba barci kake ba?"

Tsoho ya daɗe yana tattara numfashi. Maganarsa a hankali take fita, kowace kalma sai ya yi kokawa da ita.

"Ido na rufe. Na ji ka leƙo. Na ji ka ja ƙofa da sauri, kamar mai gudun wari."

"Baba, ba haka..."

"Bar ni in gama. Maganata tsada gare ta yanzu."

Ya zaro gem ɗin da hannunsa mai lafiya, ya ɗora a cinya. Gefen allon ya tsage, maɓallan sun koɗe.

"Magani nake nema na gan shi. Na danna don in ga mene ne. Sai ga rubutun ɗana. Kina nan? Kina nan? Na fi shekara ban ji daga gare ka ba sai a bakin matarka, wai kana gaishe ni. Na san ita ke ƙirƙira. To ga ka kana tambaya ko ana nan." Ya haɗiye yawu da ƙyar. "Na ce ina nan."

"Baba, da hannu ɗaya?" Maman Ɗigo ta tambaya.

"Da yatsa ɗaya, 'yata. Ina da lokaci. Ban da shi me nake da shi?"

Abban Ɗigo ya durƙusa a inda yake.

"Baba, abin da na rubuta, ban san kai ne ba."

"Na sani. Shi ya sa na yarda da shi." Tsoho ya goge gefen bakinsa da hannun riga. "Ka ce kakanki ya zama kaya. Ka ce za ka miƙa ni wurin yayarka, ita ma ta ɗanɗana. Ban ji haushi ba, gaskiya ka faɗa, kaya ne ni. Abin da ban gane ba, yaushe ka ɗauka har ka gaji? Ga mai ɗauka nan tsaye."

Maman Ɗigo ta juya baya, kafaɗunta suna motsi.

"Ka yafe min, Baba."

"Ba wannan ya fito da ni ba. Faɗa musu dalilin sayen sabon."

"Baba, don Allah."

"Faɗa musu."

Ya kafa wa ledar kwalin da ke warwatse a ƙasa ido.

"To ni bari in faɗa," Tsoho ya ce. "Ya samu aiki a wata ƙasa, bayan teku. Ba na shekara ɗaya ba, ba na biyu ba. Ya yanki kujera biyu a jirgi, tasa da ta Ɗigo. Ya ce kada mamanta ta ji sai an zo tafiya, don za ta tayar da hankali. Wannan kuwa," ya nuna talabijin da haɓa, inda 'yar mutuniyar ke tsaye har yanzu da gatari a hannu, "ya ce zai bar mana, ni da ke, mu dinga rage zaman shiru. Na sallama ne."

Maman Ɗigo ta juyo. Hawayen ya tsaya cak.

"Gida guda a zauna a yi wasa," ta ce. "Haka ka ce ɗazu, ko?"

"Zan yi miki bayani. Makarantun can sun fi, yarinyar za ta..."

"Da wa ka yi shawara?"

"Na ɗauka da ita nake magana! Ta ce to!" Ya juya wurin mahaifinsa kamar zai yi kuka. "Baba, me ya sa? Me ya sa ka ce min to? Da ka ce a'a ai da ban yanki tikitin ba!"

Tsoho ya dube shi da idonsa ɗaya da ke buɗewa sosai.

"Da na ce a'a, da daga can za ka wuce. Da ba ka zo ba."



"So nake in ga fuskarka kafin in mutu," ya ce. "To na gani."

Abban Ɗigo ya dafa ƙasa da hannu biyu.

Maman Ɗigo ta taka har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaushe ne jirgin?"

Bai ɗago ba.

"Abban Ɗigo, yaushe ne jirgin?"

"Gobe da safe," Tsoho ya amsa.

Ta gyaɗa kai. Ta wuce ƙofar falo, ta murza makulli, ta zare shi ta damƙe a tafin hannu. Sannan ta juyo wurin 'yarta, wadda ke tsugune a gefen kujerar kakanta.

"Ɗigo, tashi."

Ɗigo ta miƙe.

"Na yi magana da bakinki, kakanki ya yi magana da bakinki. Mun zalunce ki, mu duka. Yau ba mai amsawa a madadinki. Ga ubanki, ga ni. Za ki bi shi?"

Abban Ɗigo ya ɗago kai. Tsoho ya riƙe sandarsa gam.

Ɗigo ta kalli uwarta, ta kalli uban da ke durƙushe. Ta share fuska da gefen ɗankwali, ta ja dogon numfashi.

"Mama," ta ce, "ba ni makullin nan tukuna."